Wakafi ko ɗigo: kilo 47,5 na wake ya koma 475 a kwamfutar mangaza

Akawun Mangaza: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakon masu ilimin manhaja. Ƙungiyarmu ta manoma nan gefen Tawa tana sayen wake da gero a hannun membobinta lokacin kaka, mu ajiye a mangaza, in farashi ya tashi mu sayar. Bara aka yi mana wata 'yar manhaja da Access, wato manhajar Microsoft ta ajiye bayanai: a shigar da sunan manomi, nauyin buhu da kuɗin kilo, ita kuma ta fitar da abin da za a biya shi. Kwamfutoci biyu gare mu. Da muka zo haɗa lissafin wata, sai rumbun bayanan ya nuna waken da ya fi wanda ke jibge a mangaza nesa ba kusa ba. Na ɗauko kaye na bi layi-layi. Inda aka rubuta kilo 47,5 da biro, a kwamfuta 475 ne. Wani wurin kuma 47 ne kawai, rabin ya yi ɓatan dabo. Wanda ya yi mana aikin ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga. Mene ne wannan, kuma ta ina za mu kama?

Ɗan Ƙonni: Wa alaikumus salam. Cikin kwamfutocin nan biyu, in ce dai ɗaya daga Najeriya aka sayo ta?

Akawun Mangaza: Haka ne yayana. Tsohuwar Faransanci take yi. Sabuwar daga Sakkwato aka kawo ta bayan sallar layya.

Ɗan Ƙonni: To ai magana ta ƙare. Mu nan bakin iyaka kullum muna cikin wannan. A Najeriya tsarin Ingilishi ake bi: ɗigo ne ke raba cikakkiyar lamba da guntunta, wakafi kuwa na raba dubbai ne. Mu nan tsarin Faransanci ne, wakafi shi ke raba guntu. Sabuwar kwamfutarku da ta ga 47,5 sai ta ɗauka wakafin na ado ne, ta share shi, ya rage 475. Ka shiga saitin Windows, wurin yanki, ka mai da shi Faransanci, ka duba alamar guntu ta koma wakafi. Minti biyu ka gama. Duk na'urar da na sayar wa mutanen Madawa ko Buza sai na yi mata haka kafin ta bar shagona.

Mai Gyaran Manhaja: Ɗan Ƙonni ya gano rabin ciwon, kuma ƙanena ka yi abin da ya ce tun yau don jinin ya tsaya. Amma saiti bai bayyana 47 ɗin nan ba. In da saiti ne kaɗai, kuskure iri ɗaya za ka gani. Ka buɗe manhajar, ka danna Alt da F11 tare, rubutun da ke bayanta zai fito. Ɗauko mini hoton layin da ke karɓar nauyi, a kowane shafi da kuke shigar da awo.

Akawun Mangaza: Ga su nan, Yaya. Shafuka biyu ne. Na farko na sayen da muke yi a bakin mangaza. Na biyu na awon da wakilanmu ke yi a ƙauyuka, su kawo takarda mu shigar daga baya.

Mai Gyaran Manhaja: Madalla, ga ɓarayin nan biyu a fili. A shafin farko ya yi amfani da CDbl. Wannan umarnin yana tambayar Windows ne: a ƙasar nan wace alama ce ta guntu? In Windows ta ce wakafi, 47,5 ya shiga daidai. In ta ce ɗigo, sai ya ɗauki wakafin a matsayin mai raba dubbai, ya jefar, ka samu 475. Shi ya sa tsohuwar kwamfuta ba ta taɓa yi muku wannan ba.

A shafi na biyu Val ya sa. Shi Val ba ruwansa da saitin kowa, ɗigo kaɗai ya sani. Yana karanta lambobi daga hagu, da ya ci karo da abin da bai gane ba sai ya tsaya cak, ya miƙo abin da ya tara. 47,5 ya zama 47, 50,8 ya zama 50. Kuma wannan a kan kwamfutocin duka biyu yake faruwa, tun ranar da aka kafa manhajar. Ko ka gyara saitin Windows yau, gobe shafi na biyu zai ci gaba da yanke guntun awo.

Cikin biyun, na biyun ne ya fi tayar mini da hankali. Buhun wake mai kilo 475 ko yaro ya gani ya san ƙarya ne. Amma 47 lamba ce mai kama da gaskiya, ba wanda zai tsaya ya dube ta sau biyu.

Hajiya Ma'aji: Innalillahi. Ni ce ke riƙe da kuɗin ƙungiyar nan, bari in sa baki. Na 475 ɗin bai ci mu ba, domin duk sadda rasit ya fito da kuɗin da ya wuce hankali nakan ce yaron nan ya buga mini da kalkuleta, in biya daidai. Lambar ce dai ta zauna a cikin kwamfuta ba a gyara ba. Amma na ƙauyuka, abin da rasit ya nuna shi nake ƙirgawa in sa a ambulan in ba wakili. Kenan duk mai rabin kilo, duk mai giram ɗari takwas, mun riƙe masa haƙƙinsa ba mu sani ba? Akwai matan da tiya huɗu ko biyar kawai suke kawowa. A wurin mai buhu goma rabin kilo ba komai ba ne, a wurinsu kuwa kuɗin cefane ne.

Mai Gyaran Manhaja: Haka ne Hajiya, abin da ya faru kenan. Ba laifinku ba ne, amma kuɗin na mutane ne, kuma ana iya gano na kowa muddin takardun wakilai suna nan.

Hajiya Ma'aji: Suna nan, ɗana. Ban taɓa yar da takardar awo ba.

Ɗalibar Jami'a: Gafara dai manya. Ni a aikin da muke yi na shafin intanet na gamu da irin wannan, domin a JavaScript ma parseFloat in ka ba shi 47,5 sai ya dawo maka da 47, ba ya ko tari. Abin da na yi shi ne, kafin in karanta lambar sai in musanya kowane wakafi da ɗigo. Layi ɗaya ne. Me zai hana a yi haka a nan, kowa ya buga wanda ya ga dama?

Mai Gyaran Manhaja: Ƙanwata, dabarar tana aiki har ranar da wani zai kwafo lamba daga takardar ɗan kasuwar Kano. Ya rubuta 1,250 yana nufin dubu da ɗari biyu da hamsin. Layinki ya mai da ita 1.250, rumbu ya ajiye ɗaya da kwata. In kuma 1,250.50 ce, ta koma 1.250.50, parseFloat ya tsaya a ɗigo na biyu, ki samu 1.25 ba tare da wani gargaɗi ba. Kin kauce wa rami ɗaya kin faɗa wani.

Mushe Mai Ritaya: Ku saurara yara. Ni na koyar da lissafi shekaru masu yawa cikin lakkwal, kuma abin da munka koya ma ɗiyanmu guda ne: wakafi shi ka raba guntu. Yaro in ya samu 12,5 bisa 20, haka anka rubuta mishi a takarda. Don mi za a ce manhajar da anka yi ma mutanen Tawa ta karɓi ɗigo? Kun manta abin da ɗigo ka nufi ga hannun mutanenmu? Ku tai kasuwa ku duba rasit. 10.000 F, 2.500 F, 150.000 F. Ɗigo wurinmu dubbai yake rabawa, ba guntu ba. Wanda duk ya buga 1.250 nan ƙasar, dubu da ɗari biyu da hamsin yake nufi. In kunka ce manhaja ta ɗauki ɗigo kamar wakafi, kun buɗe ƙofar wata ɓarna sabuwa. Ni shawarata, a toshe ɗigo ɗungum. In an danna shi kada ma shi fito.

Ɗan Ƙonni: Mushe, Allah ya ƙara girma, amma wannan a aji ne. A nan rabin masu yi mana aiki a Sakkwato ko Illela suka yi karatu. Hannunsu ya saba da ɗigo. In ka toshe shi, yaro zai danna 4, 7, ɗigo, 5, idonsa na kan takarda ba kan allo ba. Ɗigon bai fito ba, me ya rage? 475 ɗin nan dai da muke gudu.

Mushe Mai Ritaya: Wanga kuma gaskiya ne, ban musa ba. To a sa ta yi ƙara, ta hana shi wucewa.

Malamar Awo: Ni ba mai rubuta manhaja ba ce, awon yara nake yi a asibiti, amma wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Muna cika bayanai a waya da KoboCollect. Matsalar toshe ɗigo ita ce, ba kowace waya ce ke ba ka zaɓi ba. Wata in madannan lambobi suka fito, ɗigo kaɗai za ki gani. Wata wakafi kaɗai. Wata duka biyun suna nan amma ɗaya ba ya dannuwa. Ya danganta da kamfanin wayar da harshen da aka sa mata. In aka ce lallai sai wakafi, mai wayar da ba ta da shi ya za ta yi? Sai ta rubuta 7 a maimakon 7,5 ta wuce, domin layi ya yi tsawo, uwaye na jira a rana.

Kuma a wurinmu nauyi ba lissafin kuɗi ba ne kawai, da shi ake auna maganin da za a ba yaro. Abin da ya cece mu a awon damtse shi ne milimita muke rubutawa, ba santimita ba. Iyakar tamowa mai tsanani ita ce ƙasa da milimita 115. In kin rubuta 113 ba wakafi ba ɗigo, ba abin da zai ɓace a hanya. In da 11,3 muke rubutawa, da wata rana mun ga 11, ko 113 a gurbin santimita. Shi kuwa nauyi, wanda ya tsara mana fom ɗin ya sa iyaka: in lamba ta wuce abin da ƙaramin yaro zai iya kaiwa, fom ɗin ba ya barin ki wuce gaba sai kin gyara.

Mai Gyaran Manhaja: Malama ta kawo abubuwa biyu da suka fi duk abin da na faɗa amfani: sauya ma'auni don guntu ya ɓace, da kuma sa iyaka. Bari in tattara yadda ni nake yi, sai ku soke inda kuka ga rauni.

Kuskuren da muke yi mu masu manhaja shi ne neman doka ɗaya da za ta hau kowane gurbi. Babu ita. 1.250 a kan kanta ba ta da ma'ana ɗaya, Mushe ya nuna, Ɗan Ƙonni ya nuna. Amma gurbin da ake bugawa a ciki ya san abin da yake jira. Gurbin kuɗi, sefa yake jira. Sefa ba ta da guntu a ciniki, a ƙa'idar ISO 4217 ma gurbin guntunta sifili ne, ba kamar naira mai kwabo ɗari ba, ko dinarin Tunisiya da na Kuwait masu gurbi uku. Saboda haka a gurbin kuɗin sefa ba na karɓar wakafi, ba na karɓar ɗigo. Mutum ya buga 150000 zalla, manhaja da kanta ta nuna masa 150 000 da 'yar tazara. In ya sa wata alama, ta tsaya ta ce masa a cire, da harshen da yake ji.

Gurbin nauyi kuma, sikelin mangaza bai wuce lamba ɗaya ko biyu bayan wakafi ba. To a nan ina karɓar duka biyun, wakafi ko ɗigo, amma da sharaɗi: alama ɗaya tak, kuma abin da ke bayanta kada ya wuce lamba biyu. 47,5 ta shiga, 47.5 ta shiga, duka abu ɗaya ne. 1.250 ko 1,250 ba ta shiga, domin lamba uku ne a baya, wurin da shakka take kenan. Manhaja ba ta yi wa mutum hasashe a wurin shakka, tambayarsa take yi. Sannan iyaka: buhu ɗaya ba ya kai kilo 200, duk abin da ya wuce a ƙi shi. Na ƙarshe, kafin a ajiye, ta nuna masa da manyan baƙaƙe abin da ta fahimta: kilo 47 da giram 500. Akawu ya karanta wa manomi da baki, manomi ya ce na'am.

Mushe Mai Ritaya: Wagga ta ƙarshe ta yi mini. Amma har yanzu ban yarda a karɓi ɗigo ba. Yau kun ce lamba biyu a baya. Gobe wani ya kawo sikeli mai nuna giram, lamba ukku, sharaɗin naku ya rushe.

Mai Gyaran Manhaja: Ranar da aka kawo wannan sikelin, Baba, sai gurbin ya koma giram gaba ɗaya, kamar yadda Malama ta ce suna yi da milimita. A buga 47500. Ko a yi gurbi biyu, na kilo daban na giram daban. Masu zinariya da masu haɗa magani haka ya fi musu.

Mushe Mai Ritaya: To, mu gani a ƙasa. Ni dai na san hannun mutanenmu.

Ɗalibar Jami'a: Yaya, to wanne ne daidai a duniya? Malaminmu ya ce ɗigo ne na kimiyya.

Mai Gyaran Manhaja: Duka biyun daidai ne. Babban taron awo da ma'auni na duniya, a zamansa na 22 a shekarar 2003, ya ce alamar guntu ko ɗigo ko wakafi, kowace ƙasa da al'adarta. Abin da ya hana shi ne a raba dubbai da ɗigo ko wakafi, ya ce tazara za a bari tsakanin lambobi uku-uku. Kenan 10.000 F na kasuwarmu da 10,000 na Najeriya duka sun saɓa wa wannan ƙa'ida, amma ba wanda zai hana mutane rubutun da suka gada. Harsunan kwamfuta ne dai, SQL da sauransu, suka tsaya a kan ɗigo, shi ya sa malaminku ya faɗi haka.

Misalin da nake ba duk wanda nake koya wa aiki shi ne canjin yuro. Tun 1 ga Janairun 1999 yuro ɗaya sefa 655,957 ne, bai motsa ba. Mu mun san ɗari shida da hamsin da biyar ne da guntu. Ka miƙa wa akawun Kano wannan lambar yadda take, zai karanta dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ɗari tara da hamsin da bakwai. Lamba uku ne cif a bayan wakafi, ba wata dabara da za ta bambance, sai wanda ya san me ake nufi. Wannan kuma ya nuna cewa ko da sefa ba ta da guntu, gurbin canji da na farashin kilo a cikin rumbu suna iya buƙatarsa.

Ɗan Ƙonni: Wallahi wannan ta taɓa haɗa mu gardama da wani abokin ciniki. Sai da na kira masa mai canji a waya kafin ya yarda.

Akawun Mangaza: Yaya, na gane na shigarwa. Shi rumbun kansa fa, akwai abin da zan duba?

Mai Gyaran Manhaja: Akwai. Buɗe teburin a yanayin tsarawa ka dubi nau'in gurbin nauyi. Abu uku nake tsoro. In rubutu ne, to ba lamba kuke ajiyewa ba, zane ne, kuma kowace kwamfuta za ta fassara shi yadda ta so. In cikakkiyar lamba ce, wadda Access ke zaɓa da kanta in ba a sauya ba, to ko an karanta 47,5 daidai za ta mai da shi 48, kuma 46,5 ya koma 46, domin rabi tana tura shi ne zuwa lambar da ke rabuwa biyu. In kuma mai yawo ce, wadda Faransanci ke kira réel double, tana ɗaukar guntu amma da 'yar ƙura a ciki: a irin wannan lissafin 0,1 da 0,2 in an haɗa ba 0,3 cif suke bayarwa ba, 0,30000000000000004 ne. A buhu ɗaya ba a gani, amma wata rana za ka ce ta nemo maka duk layin da jimillarsa ta yi daidai da kaza, ta ce babu. Nauyi da kuɗi a ba su nau'in decimal mai ƙayyadadden gurbi, ko na kuɗi da Access ke da shi mai riƙe gurbi huɗu.

Lamba a cikin rumbu ba ta da wakafi ba ta da ɗigo. Alamar a ƙofa biyu kawai take da aiki: lokacin da mutum ke bugawa, da lokacin da ake nuna masa. Duk inda ka ga mai manhaja yana liƙa lamba a cikin jimlar SQL kamar rubutu, to akwai matsala a gaba. A kwamfutar Faransanci 47,5 zai shiga jimlar da wakafinsa, ita kuwa SQL wakafi a wurinta mai raba ƙima da ƙima ne, sai ta ga 47 daban, 5 daban. In an yi sa'a ta yi kuka ta ce ƙimomi sun yi yawa. A miƙa mata lamba ta hanyar faramita, wato daban ba a liƙe cikin rubutun jimlar ba, a huta.

Ɗalibar Jami'a: Mu MySQL muke koyo. Ita ma haka take?

Mai Gyaran Manhaja: Kowane rumbu da halinsa. PostgreSQL in kin ba ta 47,5 a gurbin lamba ƙi take yi kai tsaye, kuma ni wannan halin nake so. MySQL ta dā takan yanke ta ajiye 47, ta bar ɗan gargaɗin da ba mai karantawa. Daga fitowa ta 5.7 ne tsauraran dokoki suka zama su ne a kunne tun farko, amma na sha ganin masu kashe su don manhaja ta daina damunsu da kuka. Kada ki taɓa kashewa. SQLite, wadda ke cikin wayoyi, za ta karɓi 47,5 ta ajiye shi a matsayin rubutu a gurbin da kika ce na lamba ne, ba ta ce uffan ba. In da harshen PHP kike aiki, kafin fitowa ta 8 a 2020 mai da lamba rubutu yakan bi saitin yanki, sai wakafi ya kutso inda ba a gayyace shi ba.

Ga wani tarko da zai same ki a shafin intanet. Tazarar da ake sawa a 150 000 na Faransanci ba irin wadda kike dannawa da babban yatsa ba ce. Tun 2018 bayanan yankuna na Unicode suka koma amfani da wata siririya mai lamba U+202F. Ido ba ya bambancewa. Mutum ya kwafo lamba daga allo ya liƙa a gurbi, ke kin rubuta a cire tazara ta kullum, ita wannan ta tsaya daram, sai ki samu 150. In kina share tazara, ki haɗa da ita da U+00A0.

Malamar Awo: Ni kuma tawa matsalar Excel ce. In an turo mana fayil na CSV daga Yamai, wani lokaci komai sai ya cunkushe a layi ɗaya na tsaye. Wani lokaci kuma ya buɗe lafiya amma in na ce ya tara, sifili yake ba ni.

Mai Gyaran Manhaja: Uwa ɗaya ta haife su, Malama. CSV na Ingilishi da wakafi yake raba gurbi da gurbi. Tunda mu wakafi na guntu ne, Excel na Faransanci wakafi mai ɗigo a sama yake jira, wato ; ɗin nan. In bai gan shi ba sai ya zuba komai wuri ɗaya. Na biyun kuma, lambobin ɗigo gare su, shi kuma ya ɗauke su rubutu, tarawa kuwa tsallake rubutu take yi. Alamar da za ki gane: lamba ta gaskiya dama take jingina a cikin akwati, rubutu hagu. Kada ki buɗe fayil ɗin da danna shi sau biyu. Buɗe Excel tukuna, ki shigo da shi ta wurin bayanai, can zai ba ki damar faɗa masa mai raba gurbi da kuma yankin da fayil ɗin ya fito. Ki kula musamman da lambobin wuri na GPS. Tawa tana wajen 14,9 arewa da 5,3 gabas. In aka rubuta su jere da wakafi a tsakani, lambobi huɗu za su zama, ba biyu ba.

Hajiya Ma'aji: Tunda ana maganar lamba, ku ƙara da wannan a kan allon, ko da ba ta wakafi ba ce. Manomi in ya ce ɗari, dala ɗari yake nufi, sefa 500. In ya ce ashirin, sefa 100 ne. Sabon akawu da bai saba ba yakan buga abin da kunnensa ya ji. A rubuta a gefen gurbin ƙarara cewa sefa ake bugawa, ba dala ba.

Mushe Mai Ritaya: Hajiya ta yi gaskiya. In za ta nuna kilo da giram a karanta ma manomi, ta nuna kuɗin ma da jikka da dala, yadda shi ka ƙirga su.

Mai Gyaran Manhaja: Wannan mai sauƙi ne, raba da biyar ne kawai, kuma zan sa. Ƙanena, yanzu batun gyaran abin da ya riga ya shiga. Kafin ka taɓa komai, kwafi fayil ɗin rumbun gaba ɗaya a kan kile, wato USB, ka ba Hajiya ta ajiye. Kada ka yarda wani ya ce maka a raba duk lambar da ta wuce ɗari da goma a wuce wurin. Wanda aka buga 47,25 ya koma 4725, da ɗari za a raba shi. Wanda ya kawo kilo 9,5 kuwa ya koma 95, yana nan ɓoye cikin lambobi masu kama da gaskiya, iyaka ba za ta kama shi ba. Saboda haka a shafin farko, duk abin da aka shigar da sabuwar kwamfuta tun zuwanta sai an gwada shi da kaye. A shafi na biyu kuma duka, tun daga farko, domin guntun da Val ya yanke babu shi a ko'ina sai a takarda. Ka ƙara gurbi sabo na nauyin da aka gyara, ka bar tsohon yadda yake, don in an tambaya gobe a ga bambanci a ga dalili.

Akawun Mangaza: Aikin da yawa, amma za a yi. Na gyara saitin sabuwar kwamfuta kamar yadda yayana na Ƙonni ya ce, na gwada 47,5 a shafin farko ya shiga daidai. Na duba teburin kuma, gurbin nauyi réel double ne. Shafi na biyu na rufe shi, mun koma biro har sai an gyara.

Mai Gyaran Manhaja: Ka yi daidai. Turo mini kwafin manhajar ba tare da sunayen mutane ba, ka share teburin membobi tukuna. Zan sauya layukan nan biyu su bi hanya ɗaya, in sa iyaka da nunin tabbatarwa, in mai da gurbin decimal. Batun karɓar ɗigo zan sa shi a saiti, ku da kwamitinku ku zaɓa, tunda ni da Baba Mushe ba mu daidaita ba. In ta dawo, ka gwada ta a kwamfutocin duka biyu, ka mai da ɗaya Ingilishi da gangan, ka buga 47,5 da 47.5 da 1.250 da 9,5 ka faɗa mini abin da kowace ta yi.

Mushe Mai Ritaya: In an zo zaɓen, a kira ni. Ina da abin da zan gaya ma kwamitin.

Hajiya Ma'aji: Za a kira ka, Mushe. Ni kuma na gaya wa shugaban ƙungiya. Ranar Lahadi bayan la'asar za mu zauna da wakilan ƙauyuka, kowa ya zo da kayensa. Akawu, ka fitar mini da jerin duk wanda aka biya ta shafi na biyu, ƙauye-ƙauye, da gurbin da zan rubuta cikon kowa a gefe. Na matan masu tiya za mu fara biya.